Me ya sa muhalli yake da tsada a birnin Yamai?

Idan kana shirin ƙaura zuwa Yamai domin aiki ko karatu, ka sani samun wurin kwana shi ne wahalar farko da za ta tarbe ka. A 1926 ne Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Lokacin samun ƴancin kai, a 1960, mazauna garin ba su wuce kimanin dubu 30 ba, amma ƙidayar 2012 ta tarar sun haura miliyan ɗaya. Kowane fari yakan koro mutanen karkara zuwa birni, ga kuma yawan haihuwa, gine-gine kuwa ba su bi wannan sauri ba.

Sai dai kada ka ɗauka fili ne ya ƙare. An yanka filaye masu ɗimbin yawa a gefen gari, har akwai lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Da yawa daga cikinsu suna nan kango. Mai hali yakan sayi uku ko huɗu ya ajiye, yana jiran su yi daraja, kamar yadda ake ajiyar hatsi sai bazara. Talakan da ya samu ɗaya kuma yakan tarar babu famfo, babu wutar lantarki, babu hanyar mota, dole ya koma haya a tsakiyar gari, inda kowa ke rububin ɗaki guda. A ganina wannan ajiyar filaye ta fi kowane dalili cutar da mai ƙaramin ƙarfi.

Kayan gini ma suna da nasu laifi. Ana yin siminti a Malbaza, cikin jihar Tawa, amma ƙarfe da kwanon rufi da sauran kaya masu yawa daga bakin teku suke zuwa, tafiyar kilomita dubu ko fiye. Rufe iyaka da Benin a 2023 ya ƙara tsawon hanyar.

To, ina mafita? Kafin ka biya kuɗin fili, ka kai takardarsa ma'aikatar magajin gari a tabbatar maka da ita, domin akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ka guji kwari da bakin kogi kome arharsu: ambaliyar 2020 ta rushe gidaje masu yawa a unguwanni irin su Lamorde da Saga. Ka je ka duba wurin da damina, da idonka.

Idan haya za ka kama, mai gida zai nemi kuɗin wasu watanni tun gaba, dillali ma yana jiran la'adarsa. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a faɗi kuɗin wata, da wanda zai biya ruwa da wuta, da wanda gyaran rufi ya rataya a wuyansa. Duk abin da ka biya ka karɓi takardar shaida. Idan ba ka iya karatu ba tukuna, ka tafi da wanda ka amince da shi ya karanta maka kafin ka dangwala yatsa.