Saurin Da Ke Cinye Aikin Mutum

Wata shawara ta cika bakin wasu masu gyaran kwamfuta da bidiyoyin YouTube, har ta fara isar mutane: wai idan kwamfutarka ta yi nauyi, ka shiga Device Manager, ka buɗe saitin faifan ajiya, ka sa alama a akwati na biyu, shi ke nan ta kama gudu. Gudun kam ana iya samun kaɗan. Abin da ba sa faɗa shi ne me aka bayar a madadinsa.

Idan ka ajiye takarda, ba nan take ake rubuta ta a jikin faifai ba. Windows kan riƙe ta a ma'ajiyar wucin gadi, shi ma faifan yana da tasa ƙarama, kuma dukansu suna shafewa da zarar wuta ta ɗauke. Kamar ɗan aike ne da ya ce maka "an kai" alhali saƙon na cikin aljihunsa. Don haka ne Windows ke umartar faifan lokaci-lokaci ya sauke duk abin da yake riƙe da shi kafin a ci gaba. Wancan akwati na biyu wannan umarnin yake kashewa. Microsoft da kanta ta rubuta gargaɗi a wurin, cewa kada a taɓa shi sai idan faifan yana da wata wutar daban da za ta ba shi damar ƙarasa rubutu. To a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, a shagon buga takardu da babu UPS, wa ke da wannan wutar?

Wani zai ce ya daɗe da sa alamar kuma bai ga komai ba. Wannan ba hujja ba ce, sa'a ce kawai ba ta ƙare ba. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa kan shafin ƙarshe da aka buga. Tsarin NTFS, wanda Windows ke ajiye fayiloli da shi, yana dogara ne da a rubuta abubuwa bi da bi. Idan jerin ya karye, lissafin inda kowane fayil yake zai iya rikicewa, aikin kammala karatun ɗalibi ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Mai laftof zai ce ai yana da batir. Gaskiya ne batir na taimakawa, in dai mai rai ne, amma ba ya hana na'ura sandarewa har a danne maɓalli a kashe ta da ƙarfi. Ko ƙwararru sun ɗanɗana kuɗarsu: a 2009 masu gwada tsarin ajiye fayiloli na ext4 a Ubuntu, wani nau'in Linux, sun riƙa tarar da fayilolinsu fanko bayan na'ura ta mutu, saboda jinkirta rubutu don neman sauri, sai da aka yi gyara a Linux 2.6.30.

Batun filasha ya fi sauƙi. Tun daga Windows 10 sigar 1809, saitin asali na faifan waje shi ne na saurin cirewa, wato Microsoft ta zaɓi aminci a kan gudu. Duk da haka kada a fizge ta ana tsakiyar kwafi.

Mai son sauri na gaskiya ya sayi SSD ko ya ƙara RAM, ya nemi UPS, ya kuma ajiye kwafin aikinsa a wani wuri. Akwatin nan kuwa, don Allah a bar shi yadda aka same shi.