Shugaban Jam'iyya Mai Janyo Ce-ce-ku-ce: Daga Ina Asarar Take Fitowa?

Ranar 3 ga Agustan 2023 da APC ta naɗa Abdullahi Umar Ganduje shugabanta na ƙasa, mutane da dama sun ce jam'iyyar ta ɗebo ruwan dafa kanta. Ga bidiyon da aka yaɗa a 2018 ana zarginsa da karɓar daloli, zargin da ya sha musantawa. Ga Kano da ta suɓuce wa APC a hannunsa 'yan watanni kafin nan. Ga kuma 'yan Arewa ta Tsakiya suna kukan an ƙwace musu kujerar da Abdullahi Adamu ya bari. Amma wanda ya bi tarihin manyan jam'iyyun Nijeriya tun daga 2012 zai ga cewa zubewar sunan shugaba a idon jama'a ba kasafai take kayar da jam'iyya ba. Abin da ke kayar da ita shi ne shugaban ya tsunduma cikin rigimar tikitin takara, har ya zama ɓangare a faɗan da aka ɗora shi ya raba.

Dalilin yana cikin aikin kujerar kanta. Talaka ba ya ganin sunan shugaban jam'iyya a takardar ƙuri'a. Ƙarfin shugaba yana wurin shirya zaɓen fid da gwani da sa hannu, tare da sakatare, a kan sunayen da za a miƙa wa hukumar zaɓe ta INEC. Gwamnoni kuwa su ke riƙe da wakilai da kuɗi da shugabannin jam'iyya na jihohi. Idan suka daina amincewa da mai riƙe da alƙalamin, babu abin da zai zaunar da su. Haka ta faru da Bamanga Tukur. Ya hau kujerar PDP a 2012, ya shiga takun-saƙa da gwamnan jiharsa Murtala Nyako a kan wa zai mallaki jam'iyya a Adamawa, aka dakatar da gwamnoni Rotimi Amaechi da Aliyu Wamakko. A Agustan 2013 gwamnoni suka fice daga babban taron jam'iyya a Abuja, a Nuwamba biyar daga cikinsu, har da Rabi'u Musa Kwankwaso, suka koma APC. Tukur ya sauka a Janairun 2014, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe, PDP kuma ta faɗi a 2015 bayan shekara 16 tana mulki.

Adams Oshiomhole, tsohon shugaban APC, ne ya fi bayyana wannan lamari, domin a zamaninsa an ga riba an ga asara. Magoya bayansa suna da hujja: Buhari ya sake cin zaɓe a 2019, Bukola Saraki ya rasa kujerarsa a Kwara, APC ta samu shugabancin majalisu biyu yadda take so, saɓanin abin da ya faru a 2015. To amma a duba Zamfara. Rikicin fid da gwani tsakanin ɓangaren gwamna Abdul'aziz Yari da na su Sanata Kabiru Marafa ya gagari uwar jam'iyya har wa'adin INEC ya wuce. Jama'a sun fito sun zaɓi APC, sai ga Kotun Ƙoli a ranar 24 ga Mayun 2019 ta ce ƙuri'un nan duk sun tashi a banza, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, kujerun majalisa ma suka bi shi. A Ribas ko sunan APC bai hau takardar ƙuri'a ba. A Edo, jihar Oshiomhole kuwa, an hana Godwin Obaseki takara a 2020, ya koma PDP ya ci. Ko ɗaya daga cikin waɗannan jihohi ba a rasa ta don kaifin harshen Oshiomhole ba. A teburin fid da gwani aka rasa su. Ali Modu Sheriff ma, wanda aka yi ta surutu a kan tarihinsa da aka ɗora shi kan kujerar PDP a 2016, ainihin ɓarnar zamaninsa ita ce rabewar PDP gida biyu har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2017, abin da ya sa jam'iyyar ta shiga zaɓen Ondo ana jayayya a kan ɗan takararta har 'yan kwanaki kafin kaɗa ƙuri'a.

Da wannan ma'auni, zamanin Ganduje bai cuci APC a akwatin zaɓe ba. Ta riƙe Imo da Kogi a 2023, ta karɓe Edo ta riƙe Ondo a 2024, gwamnonin Delta da Akwa Ibom suka shigo kafin ya ajiye muƙamin a Yunin 2025. Za a ce wannan ƙarfin gwamnatin tarayya ne, ba dabararsa ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na jin ya dace a jingina masa dukkan nasarar. Sai dai Tukur da Oshiomhole ma suna da fadar shugaban ƙasa a bayansu, hakan bai hana jihohi zubewa ba. Abin da ya bambanta shi ne Ganduje bai buɗe yaƙi da gwamnonin jam'iyyarsa ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa wannan lissafi ya taƙaita ga kujeru, ya manta da mutunci. A nan ina tare da su, kuma abin yana damuna ƙwarai. Jam'iyyar da ta hau mulki a 2015 da alƙawarin yaƙi da cin hanci, idan ta ɗora wanda ake wa irin wannan zargi ba tare da ta ga buƙatar yi wa kowa bayani ba, ta nuna cewa ra'ayin mai zaɓe ba ya cikin abin da take tsoro. Kuma tana da dalilin rashin tsoron, tunda a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Inda mafi yawan jama'a suka zauna a gida, zaɓe yakan koma hannun masu iya tara wakilai da jigilar magoya baya, wato gwamnonin nan dai. Shi ya sa Iyorchia Ayu, tsohon shugaban PDP, wanda ba a yi masa surutu irin na Ganduje lokacin hawansa ba, ya fi jawo wa PDP asara: ƙin saukarsa bayan Atiku ya samu tikiti a 2022 ya ba Nyesom Wike da wasu gwamnoni huɗu hujjar juya baya, a zaɓen da tazarar Tinubu da Atiku ba ta kai ƙuri'a miliyan 2 ba.