TSOHUWAR MALAMAR MAKARANTA DA ZANEN HUSUFIN RANA

A gidan adana zane-zane na Smithsonian da ke birnin Washington, ƙasar Amurka, akwai wani zane da ba mutum a cikinsa, ba dabba, ba gida. Wani da'ira ne mai duhu, shuɗi kamar baba, bai ma zauna daidai tsakiya ba. Kewaye da shi zobe ne bisa zobe na gajerun ɗigon fenti, daga shuɗi zuwa ja, har su ƙare da rawaya. Sunansa "The Eclipse", wato husufin rana, an kuwa yi shi a 1970, shekarar da rana ta yi husufi a gabashin Amurka.

Mai zanen ita ce Malama Alma Thomas, baƙar fata, wadda aka haifa a 1891 a garin Columbus na jihar Jojiya. A ƙuruciyarta, wariyar launin fata ta hana irinsu shiga gidajen zane-zane ko don kallo. Iyayenta suka ƙaura zuwa Washington a 1907. A 1924 ta zama ta farko da ta gama sashen zane na Jami'ar Howard, sa'an nan ta koyar da yara a makaranta guda shekara 35, sai 1960 ta yi ritaya.

Abin mamaki, aikin da aka san ta da shi bayan ritaya ya fara. Da jami'arta ta nemi baje kolin ayyukanta a 1966, tana fama da ciwon gaɓoɓi, sai ta zauna tana duban wata bishiya ta tagar ɗakinta, yadda haske ke ratsa ganye, iska na kaɗawa. Ba ganyen ta zana ba, hasken da motsin ta bi. Takan ɗora fenti gutsure-gutsure, ta bar farin fili a tsakani, shi ya sa in mutum ya ɗan ja da baya sai ya ga kamar zanen na motsi.

Wasu sun so a ce ta riƙa zana wahalar baƙar fata, tun da zamanin gwagwarmaya ne. Ba wai ba ta san wahalar ba. Ta shiga babban jerin gwanon Washington na 1963, har ta zana shi. Amma ta zaɓi launi da murna, kuma a ganina wanda aka hana shiga ƙofa yana da ikon zaɓar abin da zai shiga da shi.

A 1972, tana da shekara 80, gidan Whitney na New York ya baje ayyukanta ita kaɗai, karo na farko ga mace baƙar fata. Ta rasu a 1978. A 2015 aka rataye zanenta mai suna "Resurrection", wato tashin matattu, a ɗakin cin abinci na fadar shugaban Amurka.