Ajiyar zinare: Yadda Ghana ta wuce Nijeriya cikin shekara huɗu

LAFIYA — A Jihar Nasarawa, wadda ake wa kirari da gidan ma'adanai, ana yawan tambayar amfanin da arzikin ƙarƙashin ƙasa yake yi wa tattalin arziki. Kwatanta ajiyar zinaren Nijeriya da ta Ghana daga 2020 zuwa 2024 yana ba da wani ɓangare na amsar.

Ana auna ajiyar zinare ta hanya biyu: nauyin da babban banki yake riƙe da shi, da kuma darajarsa a kuɗi. Tan ɗaya yana daidai da oza kusan 32,150, don haka darajar takan tashi ko ta sauka tare da farashin oza a kasuwar duniya, ko da ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

A ƙarshen 2020, Babban Bankin Nijeriya yana riƙe da kimanin tan 21.4, na Ghana kuwa tan 8.8 kacal. A lokacin ana sayar da oza a kan kusan dala 1,890. Ke nan zinaren Nijeriya ya kai dala biliyan 1.3, na Ghana kuma kimanin dala miliyan 530.

A watan Yunin 2021 Babban Bankin Ghana ya soma sayen zinaren da ake haƙowa a cikin gida, yana biya da kuɗin ƙasar, sidi. Zuwa ƙarshen 2024 ajiyarsa ta kai tan 30.5. Da yake oza ta haura dala 2,600, darajarta ta zarce dala biliyan 2.5.

Ita kuwa Nijeriya, nauyin zinarenta bai sauya sosai ba, amma darajarsa ta tashi zuwa kimanin dala biliyan 1.8 saboda hauhawar farashi kawai. In aka lissafa da naira, ƙarin ya fi ɗaukar ido: daga kusan naira biliyan 500 zuwa fiye da tiriliyan 2.7. Sai dai mafi yawan wannan ƙari faɗuwar naira ce ta haifar da shi, domin dala ta tashi daga kusan naira 380 zuwa sama da 1,500, musamman bayan sauya tsarin canji a Yunin 2023.

Nijeriya ma ta gwada irin hanyar Ghana. A Yulin 2020 an gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari zinare mai nauyin kilo 12.5 daga ƙananan masu haƙa, wanda Babban Banki ya saya kan naira miliyan 268. A Yunin 2024 Ministan Ma'adanai, Dele Alake, ya miƙa wa Shugaba Bola Tinubu wani kaso da ya haura kilo 70. Amma sai an tara kilo dubu kafin a sami tan ɗaya.

Bambancin yana da tushe. Ghana ce kan gaba a haƙar zinare a Afirka, kuma manyan kamfanoni ne ke samar da kaso mai yawa. A Nijeriya, ƙananan masu haƙa ne suka fi yawa a Zamfara, Kebbi, Neja da Kaduna, inda rashin tsaro da fasa-ƙwauri suke hana zinaren isa hannun hukuma.

Zinaren da aka saya da kuɗin gida yana ƙara wa ƙasa ajiyar waje ba tare da an kashe dala ba, ita kuwa ajiyar ce ke tallafa wa naira idan kuɗin mai ya ragu. Saboda haka, duk lokacin da aka sanar da cewa darajar zinaren ƙasa ta ninka, ya dace a fara duba ko nauyinsa ya ƙaru.