Yadda A Ke Zanen Gida Da Fentin Mai

Fentin mai na masu zane garin launi ne da aka kwaɓa da man wata ƙwaya da a ke kira linsid. Ana sayar da shi cikin 'yan bututu irin na man goge haƙori. Wani Ba'amurke, John Rand, shi ya ƙago wannan bututu cikin 1841. Kafin nan cikin mafitsarar dabba a ke ajiye fenti, fita waje da shi kuwa sai da wahala.

Fentin nan yana da tsada, don haka kada ka sayi launi da yawa. Fari, da shuɗi, da ja, da rawaya, da ruwan ƙasa sun isa. Sai buroshi uku, da tafintin na tsinka fenti, da katako ko ƙyalle mai kauri wanda aka shafa wa farin fenti ya bushe.

To, a ce Gidan Makama na Kano za ka zana, wanda a ke cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka gina shi. Ka je da hantsi ko da la'asar. Da tsakar rana inuwa takan shige ƙarƙashin bango, gini ya fito ba fasali.

Kada ka fara da fenti. Ɗauki gawayi ka ja layi guda a kwance, daidai da tsayin idonka. Wannan layi shi ne uban aikin. Dubi bangon da ya miƙe ya yi nisa da kai. Za ka ga samansa yana gangarowa wajen layin nan, gindinsa kuma yana hawa, kamar za su haɗu can gaba. Zankon da ke kusa ya fi na nesa girma, ko da ya ke magini ɗaya ya yi su daidai wa daida. Masu koyo sukan zana abin da suka sani, su bar abin da ido ya gani, sai gida ya fito kamar zai faɗi. In kana shakka, miƙe hannu da fensir, rufe ido ɗaya, ka auna ƙofa, ka ga ƙofa nawa za su yi tsayin zaure.

Sa'an nan ka tsinka ruwan ƙasa da tafintin, ka shafa duk inda inuwa ta ke. Daga nan sai sama, sai itatuwan nesa, sai ginin kansa. Abin da ke nesa ka ƙara masa fari da ɗan shuɗi, gama ƙura da iska sukan dushe launi. Wanda ya ga hunturu ya san haka.

Bangon ƙasa ba launi ɗaya ne ba. Inda rana ta buga yana da rawaya, inda inuwa ta ke yana da shuɗi-shuɗi, ƙarƙashin indararo kuwa ruwa ya bar masa zane mai duhu. Kada ka sa baƙi wurin inuwa, yakan kashe hoto. Haɗa shuɗi da ruwan ƙasa ya fi. Kuma ban da ruwla, gama kusurwar ginin ƙasa hannu ne ya shafe ta.

Ku lura da wannan ƙwarai: shafin farko ya zama tsinkakke, na bisansa ya fi shi mai. In aka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa, bayan 'yan watanni hoton ya tsattsage kamar fadama da rani.

Rana tana tafiya, inuwa tana sakewa. Bayan awa biyu ka tsaya, ka komo gobe war haka. Wanke buroshi da kananzir da sabulu. Jingina hoton cikin ɗaki, fuskarsa wajen bango don ƙura, kada kowa ya taɓa shi sai ya yi mako guda ko biyu.