Wa ke tsaya wa yaron da ke riƙo? Yadda ake tsara 'yan sa kai a kotunan Amurka

Mai karatu, ka ɗauka yau kai ne a kan kujerar alƙali. An kawo maka batun wata yarinya 'yar shekara shida da hukuma ta ɗauke daga gidan iyayenta bisa zargin sakaci. Lauyan gwamnati ya ce kada a mayar da ita. Lauyan iyaye ya ce babu wani sakaci, talauci ne kawai. Ma'aikaciyar walwalar jama'a ta miƙa rahotonta, amma ka san yaran da ke wuyanta sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ita kuwa yarinyar ba ta ma cikin kotun. Kafin a tashi dole ne ka yanke inda za ta ci gaba da kwana, ga kuma wasu ƙararrakin suna jiranka. Da maganar wa za ka dogara?

Irin wannan damuwar ce ta addabi wani alƙali mai suna David Soukup a birnin Siyatil da ke jihar Washinton ta Amurka. Ya lura yana yanke hukuncin da zai canja rayuwar yara alhali bayanin da ke gabansa bai kai ya kawo ba, kuma a duk zauren babu wanda aikinsa kaɗai shi ne ya yi magana da yawun yaron. Sai ya nemi mutanen gari su sa kai su ɗauki wannan nauyi. Mutum 50 suka amsa kiran farko, aka fara aiki a shekarar 1977. A 1982 aka kafa ƙungiyar ƙasa ta wannan shiri da aka fi sani da CASA, wato masu kare muradun yara waɗanda kotu ke naɗawa. A 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar da ta ba shi goyon baya. Yau akwai rassansa fiye da 900 a jihohi 49 da kuma babban birnin ƙasar.

Riƙon hukuma a Amurka

Riƙon da ake magana a nan ya sha bamban da wanda ka saba gani a danginku. A can, idan aka kai ƙarar cewa ana cutar da yaro ko an yi watsi da shi, hukumar kula da yara za ta bincika, kotu kuma tana iya ba da umarnin a cire shi daga gida na wani lokaci. Sai a ba wani ɗan'uwa, ko wani iyali da gwamnati ta tantance ta ba lasisi, ko a kai shi gidan kula da yara. Alƙaluman gwamnatin ƙasar sun nuna cewa a 2022 yara fiye da 360,000 ne ke cikin irin wannan riƙo.

Tun 1974 dokar tarayya ta shardanta wa jihohin da ke karɓar tallafinta cewa duk yaron da batun cutar da shi ya kai kotu a naɗa masa wakili. A wasu jihohin lauya ne, a wasu ɗan sa kai ne, a wasu kuma duka biyun. Wata dokar ta 1997 ta sa wa lamarin wa'adi: cikin wata 12 kotu za ta zauna ta tsayar da makomar yaron, ko ya koma wurin iyayensa, ko dangi su riƙe shi dindindin, ko wani iyalin ya ɗauke shi. Idan ya shafe wata 15 cikin 22 a riƙo, galibi hukuma za ta nemi a raba iyayen da haƙƙinsu a kansa. Ka ga ke nan abin da aka rubuta a rahoto cikin waɗannan watanni zai iya raba uwa da ɗanta har abada, ko ya mayar da yaro hannun mai cutar da shi.

Aikin ɗan sa kai shi ne ya san yaron sosai. Yana ziyartarsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya gana da mariƙansa da iyayensa da malamansa da likitansa. Takardar kotu tana ba shi damar duba bayanan makaranta da na asibiti. Daga nan sai ya rubuta wa alƙali abin da ya gani da shawarar da yake bayarwa. Ba a biyansa ko sisi, kuma ana so ya zauna da yaron har a rufe shari'ar, wadda kan wuce shekara guda. Ma'aikacin hukuma na iya canjawa, mariƙi na iya canjawa, makaranta ma haka. Burin shirin shi ne a samu fuska ɗaya da ba ta canjawa.

Wanda ba a gani

Idan ana yabon wannan shiri, 'yan sa kai ake ambata. Amma bayan kowane rukuninsu akwai ma'aikaci mai albashi, kodineta, wanda in babu shi da kyakkyawar niyyar ta watse cikin 'yan watanni. Ƙa'idar ƙungiyar ƙasa ita ce kodineta ɗaya kada ya riƙe 'yan sa kai fiye da 30, shi kuma ɗan sa kai kada ya haɗa shari'a fiye da biyu a lokaci guda.

Aikinsa na farko tacewa ne. Ba duk wanda ya ce yana son yara ake buɗe wa ƙofa ba, domin mai mugun nufi ma da wannan kalmar yake zuwa. Mai nema sai ya kai shekara 21, ya kawo waɗanda za su shaide shi, a yi masa tambayoyi ido da ido, a bincika ko yana da tarihin aikata laifi ko cin zarafin yara. Wanda ya tsallake sai ya yi horo na sa'a 30 kafin alƙali ya rantsar da shi, sannan kowace shekara ya ƙara sa'a 12. A horon ake koya masa yadda kotu ke aiki, yadda firgici da rabuwa da iyaye ke bayyana a halin yaro, illar shaye-shaye da duka a cikin gida, da kuma riƙe sirri.

Na biyu shi ne haɗa kowane yaro da wanda ya dace da shi. Jaririn da aka haifa da larura zai fi amfana da tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Matashin da ya daina yarda da manya yana buƙatar mai haƙurin da zai jure a yi masa shiru wata uku ba tare da ya yi zuciya ba. Yaron da iyayensa Sifaniyanci kawai suke ji, sai mai jin harshen. Kodineta kan duba har nisan hanya, domin wanda sai ya yi tuƙin sa'a biyu kafin ya ga yaro, wata rana zai fara ɗage ziyara. Da yake a wurare da dama yaran sun fi 'yan sa kai yawa, shi ne kuma ke taimaka wa kotu wajen zaɓen wanda za a fara ba wakili, wasu kuma su jira. Wannan na daga cikin mafi ɗacin aikinsa.

Na uku bibiya. Kowane wata kodineta zai tuntuɓi ɗan sa kai: Ka je? Ka keɓe da yaron kun yi magana? Me malamarsa ta ce? An kai shi ya ga ƙannensa? Shi ne mai riƙe da ranakun zaman kotu, kuma babu rahoton da zai isa gaban alƙali sai ya bi ta hannunsa. A nan yake raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta raya. Idan ɗan sa kai ya rubuta cewa uwar ba ta damu da 'yarta ba, kodineta zai tambaye shi hujja. Idan hujjar ita ce ta fasa ziyara sau biyu, sai ya ce a rubuta hakan yadda yake, a kuma bincika dalili. Wataƙila a gano cewa lokacin ziyarar ya ci karo da na aikinta, ko motar haya ba ta zuwa unguwar. Gyaran jimla ɗaya irin wannan na iya canja hukunci.

Na huɗu shi ne tsare iyaka. Ɗan sa kai ba mariƙi ba ne, ba lauya ba ne, ba kuma mai rabon sadaka ba ne. Rassa da yawa sun hana shi kai yaro gidansa ko ba shi kuɗi ko kyauta mai tsada. Tausayi kan ja mutum ya yi wa yaro alƙawarin da ba shi da ikon cikawa, kamar ya ce masa zai koma gida kafin ƙarshen shekara. Yaron da manya suka sha saɓa wa alƙawari ba ya buƙatar ƙarin wani.

Na ƙarshe, kodineta ne ke riƙe 'yan sa kan kansu don kada su gaji su ajiye. Mutum zai yi wata takwas yana bincike, alƙali ya saurare shi ya yanke akasin shawararsa. Zai ji labaran da za su hana shi cin abinci, kuma sirri ya hana shi faɗa wa ko da matarsa. Kodineta ne wanda zai kira. Shi ya sa ake shirya musu zaman tattaunawa, wasu rassan kuma suna ɗora ƙwararrun tsofaffin 'yan sa kai a kan sababbi. Idan duk da haka mutum ya ce ya gaji, kodineta zai tabbatar ya je ya yi wa yaron sallama, an kuma gabatar masa da wanda zai maye gurbin. Ɓacewa ba sallama ita ce raunin da yaran riƙo suka fi sani.

Inda ake sukar shirin

Kada ka ɗauka kowa ya gamsu. Yawancin 'yan sa kan mata ne farar fata masu rufin asiri, alhali yaran galibi na talakawa ne, kuma kason baƙar fata da 'yan asalin ƙasar a cikinsu ya zarce kasonsu a yawan jama'a. Masu suka na cewa wanda bai taɓa sanin babu ba zai iya shiga gida ya ga yara huɗu a kan katifa ɗaya ya kira shi sakaci. Wani bincike da masana a Jami'ar Texas suka wallafa a 2020 ya gano cewa a jihar, yaran da aka naɗa wa irin wannan wakili ba su kai sauran yawan komawa wurin iyayensu ba. Masu kare shirin kuma na nuni da cewa shari'o'i mafiya tsanani ne alƙalai kan ba 'yan sa kai. Ko wanne ɓangare ka bi, muhawarar tana nuna abu ɗaya: kyakkyawar zuciya ba ta isa ba, sai da wanda zai riƙa tambayar mai ita hujja.

To mu fa?

Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta tanadi kotunan iyali da ƙa'idojin riƙo, ta kuma ba kotu ikon naɗa wa yaro wakilin da zai kare muradunsa a shari'a. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2007. Amma ka sani, riƙon da ke gidajenmu ba ya bi ta kotu. Yarinya ce ake ɗauko wa gwaggo daga Katsina zuwa Agege, ko maraya da kawu ya tafi da shi Sabon Ibadan bayan sadakar bakwai. Al'ada ce mai albarka, da yawa daga cikin manyanmu a hannun mariƙa suka tashi suka zama mutane. Sai dai ka san wasu gidajen da 'yar riƙo ce ke fara tashi ta kuma zama ta ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida na makaranta ita tana talla. Iyaye na can nesa, kunya ta hana su tambaya, in sun kira waya kuma mariƙiya na tsaye a kanta.

Muna cewa ɗa na kowa ne, amma idan ba a ambaci sunan wanda zai duba shi ba, kowa sai ya zata wani ya duba. Ba sai ka jira kotu ba kafin ka ɗauki darasin Siyatil. Ranar da za a ba da riƙo, dangi su tsayar da mutum ɗaya amintacce da ba a gidan yake zaune ba, a faɗa a gaban mariƙin cewa zai riƙa zuwa duk wata, don kada daga baya a ɗauke shi sa ido. Idan ya je ya samu ɗan lokaci da yaron su biyu a wurin da ake hango su, ya duba littattafansa, ya leƙa makarantarsa, ya ga inda yake kwana, ya lura da jikinsa. Sannan a samu mutum na biyu, dattijo ko dattijuwa a dangi, da zai riƙa tambayar mai ziyarar: Ka je kuwa? Me ka gani da idonka? Wannan na biyun shi ne kodinetan ku.

Ƙungiyoyin mata na Islamiyya da kwamitocin masallatai da majalisun sarakunan Hausawa a garuruwan kudu za su iya yin haka ga marayun unguwa: a rubuta sunayen yaran, a tantance masu ziyara, kada a ɗora wa mutum ɗaya fiye da gida biyu, a riƙe sirri, kuma kada a mayar da talaucin mariƙi laifi. Sau da yawa abin da gidan ke buƙata kuɗin makaranta ne ko buhun masara. Idan kuwa aka ga tabon duka ko alamar lalata, wannan ya wuce sulhun zaure, sai a kai yaron asibiti a kuma sanar da ofishin walwalar jama'a ko 'yan sanda.

Yanzu ka lissafa yaran danginka da ke hannun wasu. Yaushe rabon da wani ya taka ya je ya gan su? Zumunci a ƙafa yake. Idan ka rasa sunan wanda ya je, ka sa ranar tafiya a wannan makon, ka kuma gaya wa wani babba a gidanku ya tambaye ka in ka dawo.