Injin kwale-kwale ɗan Beljiyam: ji-ta-ji-tar bakin ruwa da gaskiyarta

Ranar kasuwa a bakin ruwan Yawuri, kafin ka hango jirage kunnenka ya riga ya ji su. Kowane da ƙarar injinsa, kuma masu zaman bakin ruwa daga ƙarar kaɗai suke gane wannan mai ƙarfin doki goma sha biyar ne, wancan arba'in. Sabon inji kuwa ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu jirage, don haka ɗan Beljiyam ake nema, wato na hannu. Da zarar an ji mutum ya haɗa kuɗi zai sayi inji ya ɗora wa tsohon jirginsa, sai shawarwari su yi masa rubdugu. Wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa zuƙi ta malle.

Wadda ta fi yawo ita ce babban inji ya fi tsaro. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Lokacin da Kwara ta cika tana ja, jirgi mai lodi da ƙaramin inji yakan tsaya cak yana ihu, ruwa na tafiya da shi, kuma matuƙin da ba shi da ƙarfin juya kan jirgi ya fuskanci igiyar ruwa yana cikin hatsari. Inji ya yi wa jirgi kaɗan, matsala ce ta gaske. Inda maganar ta karkace shi ne zaton cewa duk ƙarin doki ƙarin tsaro ne.

Inji ba a ruwa yake zaune ba, a jikin katakon baya yake rataye. Wannan katako shi ke ɗaukar nauyinsa, shi ke karɓar duk tunkuɗar da farfela ke yi, shi ke shan girgiza daga safe har yamma. Yamaha Enduro mai doki 15 nauyinsa bai kai kilo 40 ba. Mai doki 40 ya haura kilo 70, mai 75 kuwa ya wuce kilo 100. Ka ɗauki jirgin da ya shekara goma yana jiƙa yana bushewa, ƙusoshinsa sun yi tsatsa, ramukansu sun buɗe, ka rataya masa nauyin buhun masara a ƙeya, sannan ka ƙure totur. Gindin jirgi zai nutse, hancinsa ya ɗaga, matuƙi ya daina ganin gabansa, a tafkin da har yau kututturen itatuwan da ruwa ya shanye tun kammala madatsar Kainji a 1968 suna nan a ƙasa suna jira. In kuma ya sassauta totur farat ɗaya, igiyar da jirgin ya tayar da kansa sai ta biyo shi ta haura ta baya.

A watan Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ya dare kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, da mutane fiye da 150 a ciki, kuma kaɗan ne suka fita da rai. Hukumomi sun ɗora laifin a kan tsufan jirgin da yawan lodi, ba a kan inji ba. Na kawo shi ne don a tuna cewa tsohon katako yana da iyakar abin da zai jure, kuma ba ya sanarwa kafin ya saki.

Jiragen roba na waje da sauƙi. A Amurka doka ta tilasta wa masu ƙera ƙananan jirage, waɗanda ba su kai ƙafa 20 ba, su manna farantin da ke faɗin iyakar doki da iyakar lodi. In tsohon jirginka irin wannan ne, nemi farantin, kada ka haura abin da ya ce. Wanda kafinta ya haɗa a bakin kogi ba shi da faranti. Farantinsa sukundireba ce: ka caka ta a katakon baya, musamman wajen da injin ke kamawa. In ta shige kamar cikin dafaffiyar doya, kuɗinka na kafinta ne tukuna, ba na mai inji ba. Ko kuma a rataya injin, mutum ya kama ƙafarsa ya jijjiga, wani ya zuba ido a mahaɗar katako. In tana motsi, an gama magana.

Sai zancen gudu, cewa in ka ninka doki ka ninka gudu. Ƙarya ce. Jirgi mai nauyi ba hawa kan ruwa yake yi ba, tsaga shi yake, kuma tsawonsa ne ke yanke masa gudu. Mai tsawon mita 12, in ya sha lodi, da wuya ya wuce wajen kilomita 16 a awa da wani abin kirki. A lissafin masu ƙera jirage, ninka gudun irin wannan jirgi na neman ƙarfi kamar ninki takwas. Ragowar ƙarfin da ka saya yana tafiya ne wajen tayar da igiya da ƙona fetur. Doki 40 in an ƙure shi yakan sha wajen lita 20 a awa, kowa kuma ya san yadda farashin lita ya koma tun cire tallafi a 2023.

Amma masu cewa inji mai ɗan sarari ya fi tattalin mai ba su yi ƙarya ba. Injin da ke tafiyar da lodinka totur na kashi uku cikin huɗu ya fi wanda sai an ƙure shi kullum daɗewa, sau da yawa kuma ya fi shi rangwamen mai. Sarari ake nema, ba ninki ba.

Akwai wata dabara da nake ji tana ba ni dariya: wai tunda injin tsoho ne ya riga ya rage ƙarfi, sai a sayi wanda ya fi girma don a cike giɓi. Ƙarfi na iya raguwa in ringi ya cinye, amma nauyi ba ya tsufa. Mai wannan lissafi zai tashi da nauyin 75 da ƙarfin 50 da shan man 75. Injin da ya gaji ba girma zai cece shi ba. A sa makaniki ya cire fulogi ya auna kwamfireshan na kowace silinda. In bambancinsu ya wuce kashi goma cikin ɗari, a bar wa mai shi kayansa.

Lambar da ke kan murfi ma ba shaida ba ce. Murfi ana canza shi, sitika ana buga ta. Yamaha mai doki 9.9 da mai 15, na gaurayen mai, gangar jikinsu ɗaya ce, ido ba zai raba su ba. Shaidar tana kan ƙaramin farantin da ke jikin maƙalar da ke kama jirgi, inda aka buga samfuri da lambar inji. In an kankare shi ko an cire, ka tambayi kanka dalili, don injin sata ma ta nan yake biyowa.

A wannan farantin ne kuma za ka ga harafin S ko L, abin da mutane da yawa ke cewa ba komai. Komai ne. S gajeriyar ƙafa ce, ta katakon baya mai tsayin inci 15. L doguwa ce, ta inci 20. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan sauka kaɗan. Ƙafa ta yi gajarta, farfela ta riƙa shaƙar iska, inji na kururuwa jirgi bai tafiya, famfon ruwa ya rasa abin sha, inji ya yi zafi. Ta yi tsawo, ta riƙa jan ruwa tana karo da yashi da kututture. Da yawa daga cikin injinan da ake zagi da rashin ƙarfi, ƙafarsu ce ba ta dace ba, ko farfelar ta yi musu nauyi.

Cewa ɗan Beljiyam ya fi sabo ƙarko, wannan ya danganta da inda ya yi rayuwa. Wanda ya yi aiki a ruwan gishiri, a Turai ne ko Legas ko Fatakwal, gishiri na cin hanyoyin ruwan cikinsa ta inda fenti ba ya nunawa. Farin gari a kan ƙusoshi, ko ƙusoshin da suka ƙi kwancewa, alama ce. Kuma yawancin sababbin shigowa daga Turai masu baƙin mai a keɓe ne, ba na gauraye ba. Suna da tattalin fetur, amma doki 40 nasu ya doshi kilo 100, kuma ba kowane makanikin bakin ruwa ke da kayan gyaransu ba.

Gwajin duro kuwa, wato tayar da inji a cikin duron ruwa, wanda masu sayarwa ke ji da shi, yana nuna abu biyu ne kawai: injin na tashi, kuma yana fitsarin ruwa ta baya, alamar famfo na aiki. Ba ya nuna ƙarfi, don babu lodi. Kafin a biya, a kwance ƙusar ƙasan ƙafa a ɗiga man giya a tafin hannu. In ya fito fari kamar koko, ruwa na shiga. Sannan a roƙi mai shi a ɗora injin a jirginka, da buhunan da ka saba ɗauka, a nufi sama, ana gaba da ruwa.